Bajekolin bindigogi a Amurka da kasuwar tsofaffin makaman soja

Bajekolin bindigogi kasuwa ce ta kwana biyu ko uku da ake ci a ƙarshen mako a garuruwan Amurka. Ana yin ta a manyan zauruka, inda dillalai da masu sha'awa ke kama hayar tebura su baza bindigogi, harsasai, wuƙaƙe, littattafai da kayan sarki na tsofaffin sojoji. Mai shiga yakan biya kuɗin ƙofa, idan kuma ya zo da bindigarsa ta sayarwa, sai masu gadi su tabbatar babu harsashi a ciki, su ɗaure ta da igiyar roba yadda ba za ta harbu ba. Mafi shahara shi ne na birnin Tulsa da ke jihar Oklahoma, wanda ake ci sau biyu a shekara, a watan Afrilu da Nuwamba, da tebura sama da 4,000.

Daga cikin masu zirga-zirga a waɗannan zauruka akwai masu tara tsofaffin bindigogin da rundunonin soja suka daina amfani da su. Su tarihi suke saye, domin darajar bindiga a wurinsu ta dogara ne ga ƙasar da ta ƙera ta, da yaƙin da ta gani, da kuma ko an taɓa sauya mata wani abu.

Asalin kasuwar

Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, rundunonin Turai sun koma amfani da bindigogi masu sarrafa kansu, sai rumbunansu suka cika da miliyoyin tsofaffi waɗanda ake ɗana su da hannu bayan kowane harbi. 'Yan kasuwar Amurka suka riƙa sayensu da araha. Babbansu shi ne Samuel Cummings, mai kamfanin Interarms da ke Alexandria a jihar Virginia. A wancan zamani, mutum na iya ganin talla a mujalla, ya aika kuɗi, a kawo masa bindiga ta gidan waya.

Ta wannan hanya ce Lee Harvey Oswald ya sayi tsohuwar bindigar sojan Italiya ƙirar Carcano a kan dala 19.95, wadda aka harbe Shugaba John Kennedy da ita a 1963. Da aka sake kashe Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, majalisa ta kafa dokar da ta hana irin wannan ciniki ta gidan waya, ta kuma toshe shigo da rarar makaman soja. A 1984 aka sassauta dokar ga bindigogin da aka ɗauka a matsayin kayan tarihi, sannan rugujewar Tarayyar Sobiyet a 1991 ta buɗe rumbunan Gabashin Turai, kaya suka sake kwarara.

Bindigogin da aka fi nema

Mosin-Nagant ta Rasha, wadda aka fara amfani da ita a 1891, ita ce yawancin masu sha'awa ke fara saye. An ƙera kusan miliyan 37, kuma akwai lokacin da ake sayar da ita ƙasa da dala 100. Mauser K98k ita ce bindigar sojan Jamus tun daga 1935. Da yawa daga cikin waɗanda ke kasuwa yau ganima ce da sojojin Sobiyet suka ƙwace, suka warware su, suka sake haɗawa ba tare da kula da wane sashe ne na wace ba, shi ya sa ba su kai na asali tsada ba.

M1 Garand, mai cin harsashi takwas, ita sojan Amurka ya ɗauka a 1936. Har yanzu wata hukuma da ake kira CMP, wadda majalisa ta ba lasisi, tana sayar da ragowarta ga 'yan ƙasa da suka cika sharuɗɗa. Lee-Enfield ta Birtaniya kuwa, mai cin harsashi goma, ta shiga aiki a 1895, kuma ita sojojin Najeriya na runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka riƙe a yaƙin Bama.

Yadda ake gane mai daraja

Abu na farko da mai saye ke dubawa shi ne lambar da aka buga a jikin sassan bindigar. Idan lambar bututu da ta maɗana da ta sauran sassa duk ɗaya ce, to bindigar tana nan yadda ta fito daga masana'anta, farashinta kuma ya ɗaga. Sai tambarin masana'anta da shekarar ƙira, sannan a haska tocila cikin bututu a ga ko tsatsa ta ci shi, domin tsofaffin harsasan soja suna barin wani gishiri mai jawo danshi idan ba a wanke ba.

Abin da ya fi karya farashi shi ne gyaran da bai da dalili. A shekarun 1950 da 1960 mafarauta da dama sun yanke katakon bindigogin, sun huda ƙarfen don ɗora madubin hange, kuma irin waɗannan ba su da wata kima ga masu tarawa. Akwai kuma algus, inda wasu ke buga tambarin bogi don a ɗauka kayan na wata fitacciyar runduna ne. Shi ya sa tsofaffin hannu ke shawartar sabon shiga ya fara sayen littafi kafin bindiga.

Abin da doka ta tanada

Dokar tarayya ta ɗauki bindigar da ta shekara 50 da ƙira a matsayin kayan tarihi. Mai tarawa na iya karɓar lasisi na musamman daga hukumar ATF a kan dala 30 na tsawon shekara uku, wanda ke ba shi damar sayen irin waɗannan daga wata jiha, amma ba don kasuwanci ba. Dillali mai lasisi, ko a shago ko a bajekoli, dole ne ya sa mai saye ya cike takarda, ya kuma binciki tarihinsa ta tsarin da hukumar FBI ke gudanarwa tun 1998.

Inda ake taƙaddama shi ne cinikin mutum da mutum. Dokar tarayya ba ta tilasta wa wanda ba dillali ba yin wannan bincike, sai dai idan jiharsa ta tilasta, kamar Kalifoniya da New York. Uku daga cikin bindigogi huɗu da aka yi amfani da su a harin makarantar Columbine a 1999, a bajekoli aka saye su daga hannun masu zaman kansu, abin da ya sa jama'ar Colorado suka kaɗa ƙuri'ar tsaurara dokar a 2000. Masu goyon bayan bajekolin suna kafa hujja da gyara na biyu na tsarin mulki na 1791, suna kuma cewa akasarin masu laifi ba a nan suke samun makami ba. Masu suka na cewa ƙofa ɗaya da aka bari a buɗe ta isa ɓarna.

A Najeriya lamarin ya sha bamban. Dokar Makamai ta 1959 ta sanya bindigogin soja, ciki har da masu cin harsashin .303 da 7.62mm, a jerin haramtattu waɗanda ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa. Don haka Lee-Enfield ɗin da ake ciniki a kan tebur a Tulsa a matsayin kayan tarihi, duk wanda aka kama da ita a Kano ko a tashar jiragen ruwa ta Legas ba tare da wannan izini ba, kotu zai fuskanta, komai tsufanta.