Ranar da aka hana kwamfuta rubuta abin da ta gani

Kowace kwamfuta da ke aiki dare da rana tana da kundin da take rubuta abin da ya faru a cikinta: wane ne ya shigo, ƙarfe nawa, me ya nema, me ya lalace. Masu kula da injinan da ke riƙe da shafukan intanet da bayanan banki sun san wata matsala mai ɗaure kai game da wannan kundi. Manhaja tana aiki lafiya, izinin fayil daidai yake, mai injin ma ya ba ta cikakken iko, amma ta je rubutu sai a ce mata babu hanya. Wanda ya hana ta kuwa yana zaune a cikin injin, kuma irinsa ne ke cikin wayar Tecno ko Infinix ta mai POS a kasuwar Boɗinga.

Asalin maganar daga Unix ne, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara ginawa a Bell Labs a 1969. Tsarinsa mai sauƙi ne: kowane fayil yana da mai shi, mai shi ne ke cewa wa zai karanta, wa zai rubuta. Sama da kowa akwai shugaba guda, root, wanda ba a tambayar sa dalili. Wannan ya wadatar muddin injin na abokan aiki ne da suka san juna. Rauninsa shi ne duk manhajar da ke aiki da sunan shugaba ta gaji ikonsa kaf, kuma wanda ya yaudare ta ya gaje shi shi ma. A Nuwamban 1988 tsutsar Morris ta bi ta kafofi irin wannan, har da manhajar aika wasiƙu ta Sendmail, ta durƙusar da dubban injina a Amurka. Ɓarawon da ya san aikinsa kuwa, da zarar ya shiga, kundin nan yake fara gogewa.

Sojojin Amurka sun riga kowa damuwa. A 1972 James Anderson ya rubuta wa rundunar sojin sama rahoton da ya ce dole a sami mai tsaro guda a cikin injin wanda kowace buƙata za ta bi ta gabansa, kuma babu mai iya kauce masa. Shekara guda bayan haka David Bell da Leonard LaPadula suka tsara ƙa'idar a lissafe: na ƙasa ba ya karanta sirrin na sama, na sama ba ya rubutu a takardar na ƙasa. Rabin nan na biyu shi ne kakan matsalarmu, domin a nan aka fara ɗaukar rubutu, ba karatu kaɗai ba, a matsayin hanyar da sirri ke zurarewa. Ma'aikatar tsaron Amurka ta tattara waɗannan a wani littafi mai bangon ruwan lemo a Agustan 1983.

Shekaru da dama abin ya tsaya a injina masu tsada na gwamnati. Hukumar leƙen asiri ta NSA ce, tare da Jami'ar Utah da kamfanin Secure Computing, ta gina tsarin Flask, sannan a Disamban 2000 ta saki SELinux, wato wannan tsari a kan Linux mai kama da Unix, kyauta ga kowa. Linus Torvalds, jagoran Linux, bai yarda ya ɗaura masa tsari guda tilo ba. Ya nemi a yi gurbin da kowane tsarin tsaro zai iya shiga. Ta wannan gurbi SELinux ya shiga zuciyar Linux a 2003, AppArmor, wanda Ubuntu ke amfani da shi, ya biyo baya a 2010.

Yadda SELinux ke aiki kamar dogarin ƙofar fada ne da ba ruwansa da sanin fuskarka, alamar da aka rataya maka kawai yake dubawa. Kowace manhaja tana da alama, kowane fayil yana da tasa, kuma akwai jerin dokokin da suka ce wannan alama tana iya taɓa waccan. Abin da ba a rubuta a jerin ba haramun ne, ko da root ne ya nema. To a nan ake faɗawa rami. Ma'aikaci ya ga faifai ya cika, ya buɗe sabuwar folda a wani wuri ya ce manhaja ta riƙa rubuta kundinta a can, sabuwar foldar kuwa ba ta ɗauke da alamar kundi. Ko ya ɗauko fayil daga wani wuri ya matso da shi, fayil ɗin ya taho da tsohuwar alamarsa. Da kwafa ya yi, da ya sami sabuwa. Abin dariyar shi ne hanin da kansa ana rubuta shi, amma a wani kundi daban na binciken tsaro, wanda mutane da yawa ba sa tunanin buɗewa.

Farkon shigar SELinux hannun masu amfani na yau da kullum bai yi daɗi ba. Dokokin da aka gwada a nau'in Linux na Fedora Core 2 a 2004 sun yi tsauri har abubuwa da yawa suka ƙi aiki, sai aka koma tsare zaɓaɓɓun manhajojin da ke fuskantar intanet, aka shigar da hakan cikin Red Hat Enterprise Linux 4 a 2005. Amma sunan ya riga ya ɓaci. Har yau shawarar farko da wasu ke bayarwa ita ce a kashe shi, kuma a ganina wannan lalaci ne, tunda umarni guda, restorecon, yakan mayar wa fayil alamarsa ta gaskiya.

A waya ba a bar wa kowa wannan zaɓi ba. Google ya sa SELinux cikin Android 4.3 a 2013 yana kallo yana rubutawa kawai, ba ya hani; a Android 5.0 na 2014 ya fara hani a ko'ina. Saboda haka direban da ke bin hanyar Sakkwato zuwa Jega, ya tsaya a Shagari ya tura kuɗi ta waya, manhajar bankinsa tana cikin shingen da wasan da ɗansa ya sauke ba zai iya tsallakawa ya karanta ko ya goge komai ba. Masu gyaran waya sun fi kowa sanin tsaurinsa: in aka fasa tsaron waya don samun ikon root, manhajojin banki da yawa sukan ƙi buɗewa.