Majalisar Dokoki a Kaduna: Tarihin Mulkin Tsarin Mulki a Arewa

Zauren Lugga, ginin nan mai ƙubba da ke tsakiyar Kaduna ta arewacin kogi, shi ne mazaunin Majalisar Dokokin Jihar Kaduna a yau, kuma a cikinsa ne Majalisar Wakilai da Majalisar Sarakuna ta tsohuwar Jihar Arewa suka riƙa zama har zuwa 1966. Tarihinsa tarihin tambaya guda ne: wa ke da ikon yin doka a ƙasa, kuma wa zai iya ce masa tsaya?

Turawa sun ɗauke hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Shekara talatin bayan haka mulki yana hannun Gwamna da Razdan da Di'o, su ba sarki umarni, sarki ya ba hakimi, hakimi ya ba dagaci. Tsarin mulkin Gwamna Richards, wanda ya fara aiki a 1947, shi ya kafa wa Arewa majalisu biyu. Shawara kawai suke bayarwa, kuma hukumomin En'e ne ke turo yawancin wakilan da ba ma'aikatan gwamnati ba. Duk da haka, a Majalisar Wakilai ce Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauchi, ya miƙe a watan Agusta na 1950 ya nemi a gyara tsarin En'e, a ba talaka bakin magana. A wancan zamani wannan ba ƙaramar jarunta ba ce. A watan ne kuma aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano.

A taron Ibadan na Janairun 1950 wakilan Arewa, da Sarkin Zazzau Ja'afaru da Sarkin Katsina Usman Nagogo a cikinsu, suka tsaya kai da fata sai an ba Arewa rabin kujerun majalisar ƙasa da ke Legas. Tsarin Macpherson na 1951 ya ba ta 68 daga cikin 136, ya kuma ba majalisar Kaduna ikon yin doka. Amma zaɓen hawa-hawa aka yi, daga ƙauye zuwa gunduma zuwa lardi, kuma En'e na da damar ƙara mutanenta a hawa na ƙarshe. Da haka NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a Kano, ta tashi a tutar babu a ƙarshe, Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta cika zauren.

Rikicin 1953 ne ya haifi tarayya. Anthony Enahoro ya kawo ƙuduri a majalisar Legas na neman a ba ƙasar mulkin kai a 1956, Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello ya ce a bari sai an shirya, aka yi wa wakilan Arewa ature a titi, jini ya zuba a Kano a watan Mayu. Majalisun Kaduna biyu suka amince da buƙatu takwas waɗanda kusan sun raba ƙasar. Bayan tarukan Landan da Legas, tsarin Lyttelton ya fara aiki ran 1 ga Oktoba 1954: aka raba iko tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi uku, Sardauna ya zama Firimiya. Arewa ta sami mulkin kai ran 15 ga Maris 1959, ranar da aka cika shekara 56 da faɗuwar Sakkwato a hannun Turawa.

Tsarin ya bi salon Ingila. Firimiya da ministocinsa 'yan majalisa ne, kuma suna kan mulki ne muddin suna da rinjaye. Gwamna uban ƙasa ne mai sa hannu a doka, muƙamin da Sir Kashim Ibrahim ya riƙe daga 1962. Ana muhawara da Hausa da Turanci, Alhaji Umaru Gwandu yana kujerar kakaki, 'yan adawa irin su Ibrahim Imam na Barno suna tsare ministoci da tambayoyi. Doka sai ta ratsa ta Majalisar Sarakuna, inda Sarkin Musulmi Abubakar na Uku da Shehun Barno ke zama. A nan aka zartar da kundin dokokin hukunta laifuka na Arewa a 1959. An kuma shigar da babin haƙƙin ɗan Adam cikin tsarin mulki bisa shawarar kwamitin Willink, wanda ya saurari koken ƙananan ƙabilu.

Sai dai abin da ke takarda daban, abin da ke kotun alƙali daban. 'Yan doka da gidajen yarin En'e suna hannun masu mulki, kuma magoya bayan jam'iyyun NEPU da UMBC sun sha ɗauri a kan laifin yin lacca ba izini. Matan Arewa ba su da ƙuri'a sam, ga shi an yi ta kulle Hajiya Gambo Sawaba saboda ta nema musu. Sai a 1976 suka fara jefa ta. Wannan tabo ne babba a tarihin majalisar, bai kamata a rufe shi ba. A ɗaya ɓangaren, murabus ɗin Sarkin Kano Sanusi a 1963, bayan binciken kuɗin En'e, ya nuna cewa iko ya baro fada ya komo Kaduna. Daren 15 ga Janairu 1966 sojoji suka kashe Sardauna a gidansa, wurin da yanzu ake kira Gidan Arewa, aka rufe majalisar shekara goma sha uku.

Kundin 1979 ya ɗauko salon Amurka: jama'a su zaɓi gwamna daban, 'yan majalisa daban, babu Majalisar Sarakuna mai yin doka. Jihar Kaduna ce ta fara gwada ƙarfin wannan tsari. Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya ci gwamna, ya soke haraji da jangali, amma jam'iyyar NPN ce ke da babban rinjaye a majalisa mai kujeru 99, wadda Mamman Ɗan Musa ke shugabanta. Duk lokacin da ya aika sunayen kwamishinoni sai a yi watsi da su, har ya yi kusan shekara biyu ba majalisar zartarwa. Ran 23 ga Yuni 1981 aka tsige shi, gwamna na farko da aka yi wa haka a Nijeriya, mataimakinsa Abba Musa Rimi ya hau. Da aka je kotu, sai ta ce kundin ya hana ta sa baki. Ikon tsigewa an yi shi ne don taka wa mai mulki birki, amma a nan gabar jam'iyya ce ta fi tasiri a kansa. Sai a 2006, a shari'ar Gwamna Ladoja na Oyo, Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa kotu na iya rushe tsigewar da ba a bi ƙa'ida ba.

Kundin 1999 da ake aiki da shi yanzu ya raba iko uku a sashe na 4 da na 5 da na 6: masu yin doka, masu zartarwa, da masu shari'a. Sashe na 14 ya ce mulki na jama'a ne, kuma tsaronsu da jin daɗinsu ne babban aikin gwamnati. Majalisar Kaduna tana da mambobi 34 daga ƙananan hukumomi 23, kuma ba a taɓa kuɗin jiha sai da amincewarta. Tun daga 1999 take zama ba tare da soja sun katse ta ba, wa'adin da ya fi duk na baya tsawo.