Ruwa a tankin tarakta: yadda ake gane shi da yadda ake fitar da shi

A Djougou, babban birnin jihar Donga a arewa maso yammacin Jamhuriyar Benin, damina kan kankama ne a watan Afrilu ko Mayu, ta kai har Oktoba. Makonnin farko na huɗa ne. Gonakin masara, auduga da waken suya duk suna jiran tarakta a lokaci guda, alhali taraktocin ba su wadata ba, kuma da yawansu tsofaffi ne da aka shigo da su daga Turai bayan sun sha aiki a can. A daidai wannan lokaci ne ruwa ya fi shiga tankin mai. Idan an gano shi da wuri, aikin rabin yini ne. Idan kuwa aka yi ta tilasta wa inji har babban famfon mai ya lalace, sau da yawa sai an kwance shi an kai wa masu na'urar gwaji a babban gari kamar Parakou, mai nisan kilomita fiye da 130, gona kuma tana jira.

Ta ina ruwa ke shiga

Hanya ta farko ita ce gumin tanki. Tankin da ya kwana rabinsa wayam yana cike da iska mai danshi. Da dare ƙarfen ya huce, danshin ya zama ɗigon ruwa a jikin bango, ya gangara ƙasa. Na kwana ɗaya ba komai ba ne, amma na tsawon damina yana taruwa.

Ta biyu ita ce murfi. Idan robarsa ta tsage, ko murfin ya ɓata aka toshe bakin da tsumma da leda, ruwan sama da ruwan wanki suna samun hanya.

Ta uku ita ce man kansa. A ƙauyukan da ke nesa da gidan mai, a duro da jarka ake ajiye gazuwal, wanda a Najeriya ake kira gas ko dizal. Duron da aka bari a tsaye a fili yana tara ruwan sama a kansa, kuma yayin da ya huce da dare yakan zuƙi ruwan ta bakin murfi. Wanda ya sayi man ƙasan duro shi ke kwashe ruwan.

Abin da ya sa yake da illa

Ruwa ya fi mai nauyi. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ta gazuwal kimanin giram 830, ta fetur kimanin giram 750. Shi ya sa ruwa ke kwanciya a ƙasan tanki, daidai inda inji ke jan mai.

A injin gazuwal, man ne da kansa ke sa wa babban famfo da nozul santsi. Ruwa ba ya wannan aiki, sai ma ya kawo tsatsa a sassan da aka ƙera daf da juna. Ƙa'idar Turai ta EN 590 ba ta yarda ruwa ya wuce miligiram 200 a kilo ɗaya na gazuwal ba, wato ƙasa da cokali biyu na shayi a tanki mai lita 40. Ban da haka, ƙwayoyin halitta suna yaɗuwa a tsakanin ruwa da mai, suna haifar da baƙin yauƙi mai toshe filta.

Alamomi

Inji yana wahalar tashi da safe. Yana tari, yana fitar da farin hayaƙi, ƙarfinsa na raguwa idan garma ta shiga ƙasa. Wani lokaci yakan mutu bayan an hau gangare ko an bi hanya mai gargada, saboda ruwan ya motsa.

Tabbatarwa ba ta da wuya. Tsofaffin taraktoci irin su Massey Ferguson 135, da aka ƙera tsakanin 1964 da 1975, da ire-irensu, galibi suna da kofin gilashi a ƙarƙashin filta ko kusa da ƙaramin famfo, inda ake ganin ruwa kwance a ƙasa. Idan babu kofin, a tsiyayo mai kaɗan daga ƙasan tanki a cikin kwalba mai tsabta, a ajiye na mintoci. Layi zai fito tsakanin ruwa da mai. Idan man ya yi duhu-duhu kamar ruwan tsakin gero, ruwan ya riga ya cakuɗe da shi.

A duba man inji ma. Idan shi ne ya koma kamar madara, wannan wata matsala ce dabam, ta ruwan lagireto da ke shiga inji, kuma zubar da man tanki ba zai magance ta ba.

Yadda ake fitar da shi

1. A daina murza makulli. Kowane yunƙuri yana ƙara tura ruwa cikin babban famfo.
2. A ajiye tarakta a sarari, nesa da murhu da masu shan taba, a bar inji ya huce, a cire wayar batir. A karkata ta kaɗan yadda mafitar tanki za ta zama ita ce ƙasa, a bar ta awa ɗaya ko biyu ruwan ya kwanta.
3. A tara jarka, a kwance ƙusar ƙasan tanki idan akwai, ko a zare tiyon da ke fita daga makunnin mai. Ruwa ne zai fara zuba. A riƙa tara kwalba ana dubawa har sai mai zalla ya fito.
4. Idan akwai yauƙi ko tsatsa, a juye tankin gaba ɗaya. A wasu taraktocin bakin mafitar ya ɗan ɗara ƙasan tanki, don haka ruwa yakan rage. Sai a sa famfon hannu da tiyo a zuƙe shi daga lungu, ko a kwance tankin a ɗauraye da gazuwal mai tsabta a shanya.
5. A wanke kofin gilashi da 'yar rariyar da ke cikin ƙaramin famfo, a sa sabon filta da sababbin robobinsa. Filtar takarda da ta jiƙa da ruwa ta gama aiki.
6. A zuba mai mai kyau, sannan a fitar da iska. A sassauta ƙusar iska ta kan filta, a yi ta danna hannun ƙaramin famfo har mai ya fito babu kumfa, a ɗaure. A yi haka a kan babban famfo. Daga nan a sassauta bututun nozul, a murza inji na daƙiƙa 10 zuwa 15 har mai ya fito, a ɗaure a tayar.
7. Bayan awa ɗaya ana aiki, a sake duba kofin. Washegari ma haka.

Idan injin fetur ne, kamar na ƙananan injinan huɗa da na ban ruwa, babu fitar da iska. Bayan tanki, sai a kwance ƙusar ƙasan kafireto a zubar da abin da ke ciki, a goge fulogi.

Hattara

Kada a zuƙi mai da baki. Ɗan kaɗan da ya sarƙe mutum ya shiga huhu yana iya jawo ciwon huhu mai tsanani. Kada a kai hannu kusa da bututun nozul yayin da ake murza inji, domin man yana fita da ƙarfin da zai iya huda fata. Kada a yi walda a jikin tankin da aka juye, saboda tururin mai yana nan ciki.

Fetur ya fi haɗari, domin tururinsa yana kamawa ko a sanyi, yayin da gazuwal sai ya haura digiri 55. Gobarar da ta tashi ranar 23 ga Satumba 2023 a wani rumbun ajiye fetur ɗin kpayo a Sèmè-Kraké, kan iyaka da Najeriya, ta hallaka mutum fiye da 30.

Masu zuba sinadarin barasa a tanki don ya shanye ruwa su sani cewa a injin gazuwal, abin da yake yi shi ne ya ɗauki ruwan ya wuce da shi filta ya kai nozul.

Man da aka juye kuma kada a zubar da shi a gona, kwata ko kusa da rijiya. A bar shi ya kwana biyu a jarka, a tsiyaye na sama a tace, a yi wankin kayan inji da shi.

Rigakafi

A cika tanki da yamma bayan an tashi aiki, ba da safe ba, don kada iska ta samu wurin kwana. A buɗe ƙasan kofin filta kowace safiya a lokacin damina. A kwantar da duro a inuwa bisa katako, a bar sabon mai ya kwana kafin a ɗiba, kuma kada tiyo ya taɓa ƙasan duron. Jarkar mai ta zama ta mai kaɗai, kada a ɗebi ruwa da ita.

Wannan ya fi muhimmanci inda tarakta ɗaya ke zagaya gonaki da yawa, kamar a ƙungiyoyin CUMA da manoman jihar Borgou suka fara kafawa tun ƙarshen shekarun 1990, ko wajen masu bayar da haya, inda kowane mai gona kan zo da jarkarsa. Direban da ke yawo da kwalbar gwaji da filta guda a ajiye, yana duba kowace jarka kafin a juye ta, da wuya ruwa ya kwantar masa da tarakta a tsakiyar huɗa.