Daga NEPA Zuwa Yau: Yadda Kwamfuta Ta Koyi Zama Da Ɗaukewar Wuta



Duk wanda ya zauna a shagon buga takardu a ƙarshen shekarun 1990 zai tuna wannan. Ana tsakiyar buga wa ɗalibi aikin kammala karatunsa, sai ɗif, an ɗauke wuta. A tada janareta, a kunna kwamfuta, amma ba za ta buɗe kai tsaye ba. Sai wani shuɗin allo ya fito yana bincike a hankali, ɗalibi na tsaye yana salati. Sunan wannan manhaja ScanDisk. Yau ba a ganin shuɗin allon, shi ya sa da yawanmu muka ɗauka matsalar ta wuce. Ba ta wuce ba, ɓuya ta yi. Bari mu bi tarihin, mu ga abin da aka magance da abin da ya rage a wuyanmu.

Lantarki ya shigo Legas a 1896. A 1951 hukumar ECN ta fara aiki, a 1962 aka kafa hukumar madatsun ruwa ta kogin Neja, wadda ta gina madatsar Kainji, aka kammala a 1968. A 1972 aka haɗe hukumomin biyu, aka haifi NEPA. Dokar 2005 ta mayar da ita PHCN, a Nuwambar 2013 kuma aka miƙa rabon wuta ga kamfanoni 11. Suna ya sauya sau da yawa, amma har gobe yara ihun NEPA suke yi idan an kawo wuta. Cikin wannan hali kwamfuta ta iske mu, alhali waɗanda suka ƙera ta ba su yi ta domin gidan da ake ɗauke wuta sau biyar a wuni ba.

Raunin yana cikin ma'ajiyarta. Hadis na farko kamfanin IBM ne ya fitar da shi a 1956. Faifai 50 ne a cikinsa, kuma abin da yake ɗauka bai wuce megabayit 5 ba, kusan hoto ɗaya ko biyu na wayar yau. Tsarin bai sauya ba: faifai na juyawa, wani ɗan hannu na shawagi a kansa yana rubutu ba tare da ya taɓa shi ba. A tsofaffin na'urori, idan wuta ta yanke, hannun kan sauka a kan faifan ya yi masa tabo. Shi ya sa a da sai an ba kwamfuta umarni ta janye hannun kafin a ɗaga ta. Daga baya masu ƙira suka sa hadis ya riƙa amfani da ragowar juyawar faifan ya janye hannun da kansa. An rage wannan haɗari sosai.

Saura na biyu, wato lissafi. Tsarin FAT da DOS da Windows 95 da 98 suka yi aiki da shi kamar littafin ɗan kasuwa ne. Idan kaya sun shigo, sai an ajiye su a sito, sannan a rubuta inda suke. Wuta ta ɗauke tsakanin ajiyewa da rubutawa, kaya na nan amma littafi bai san da su ba, ko kuma littafi ya nuna wurin da babu komai. Aikin ScanDisk shi ne ta bi sito lungu-lungu tana gwada shi da littafi.

Maganin da aka samo dabara ce mai sauƙi: kafin ka taɓa babban littafi, fara rubuta niyyarka a ƙaramar takarda. Idan aka katse ka, wanda ya zo sai ya duba takardar ya ƙarasa aikin ko ya soke shi. Microsoft ta saka wannan a tsarin NTFS a 1993, ya isa gidaje sosai da Windows XP a 2001. A shekarar ce kuma Linux ta samu nata, ext3. Tun daga nan kwamfuta ke gyara lissafinta cikin daƙiƙoƙi, shiru, ba shuɗin allo.

To a nan gizo ke saƙar. Wannan dabara littafin take karewa, ba kayan ba. Takardar da kake ajiyewa lokacin da aka ɗauke wuta tana iya lalacewa, kwamfuta kuma ta buɗe lafiya lau kamar ba abin da ya faru. Haka idan tana tsakiyar sabunta Windows. Ma'ajiyar zamani ta SSD ba ta da faifai mai juyawa, amma ita ma tana da nata teburin lissafi a ciki, kuma yawancin na gida ba su da abin da zai riƙe musu wuta su ƙarasa rubutu.

Sannan akwai abin da babu manhajar da ta taɓa magance shi: dawowar wuta. Wutarmu bolt 230 ce a ƙa'ida, amma takan dawo da ƙarfi fiye da kima, ko ta zo rabi. Haka lokacin sauyawa daga janareta. Akwatin da ke rarraba wuta a cikin kwamfuta shi ke shan wannan duka, yau kaɗan gobe kaɗan, har ranar da zai ƙi tashi. Wani lokacin ba ya tafiya shi kaɗai.

Me tarihin ya bar mana? Da an ɗauke wuta, zare filogi, kuma kada a mayar sai wutar ta zauna na 'yan mintuna. Sitabilaiza daidaita ƙarfin wuta take yi, ba ta riƙe kwamfuta idan an ɗauke. UPS ce ke yin wannan, ita ma mintuna take ba ka domin ka ajiye aiki ka kashe, ba domin ka ci gaba da kallo ba. Batirinta na yin shekara 3 zuwa 5 a wuri mai sanyi, zafin Afrilu irin namu kuwa yana rage masa kwana ƙwarai. Gwada ta lokaci-lokaci: ajiye aikinka, zare ta daga bango, ka ga ko za ta riƙe. Mai laftof batirinsa ne UPS ɗinsa, in dai bai mutu ba, amma cajarsa na cikin haɗari ɗaya.

Idan an riga an sha ɗauke mata wuta, a duba ta. Umarnin chkdsk, wanda ya girmi ScanDisk kuma har yau yana cikin Windows, yana bincika lissafin ma'ajiya. Umarnin sfc /scannow yana duba fayilolin Windows ɗin kansa. Manhajar CrystalDiskInfo kyauta ce, tana karanto rahoton lafiyar da hadis ke ajiyewa game da kansa. In ta nuna ruwan ɗorawa, ko ka ji hadis na ƙas-ƙas, kada ka fara da gyara, fara da kwashe kayanka. Warin ƙuna kuwa, ko kwamfuta ta riƙa mutuwa da kanta alhali akwai wuta, wannan na mai gyara ne. Kada ka buɗe akwatin wutar, yana riƙe caji ko an zare shi.

Mafi muhimmanci, hotunan iyali da takardun makaranta da lissafin kasuwa su kasance a wuri biyu, ɗaya a abin da ba ya jone da wuta. Kwamfuta ana sayen wata. Hoton mahaifin da ya rasu ba a kasuwa yake ba.

Allah Ya tsare mana dukiyoyinmu. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.