Harfiya, Masu Fizge Na Ƙasar Yunan

Duk wanda ya tashi a Mabai, ko a ƙauyukan Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ya san guguwar bazara. Kan a ce kwabo ta yaye jinka, ta yi sama da shanya. Mutanen da suka ce akwai aljani a cikinta, shi ya sa Bahaushe yake kiran abin da ke busowa iska, kuma yake kiran mutanen ɓoye iskoki. To, Yunanawan da, wato kakannin mutanen ƙasar Girka, su ma haka suka ɗauki iska, amma su sai suka yi mata fuska da suna. Suka kira ta Harfiya, ma'anarsa masu fizge.

Wani mawaƙinsu wai shi Hasiyod, wanda ya rayu wajen shekara 700 kafin haihuwar Annabi Isa, ya ce su biyu ne, Ayello da Okifete, 'yan'uwan Iris, wato bakan gizo. Ya siffanta su da kyawun gashi da fukafukai masu gudun iska. A waƙoƙin Homa kuwa, in mutum ya ɓace ba labari, ba gawa, ba kabari, sai a ce Harfiya suka ɗauke shi. Mutane ne masu tafiya cikin teku, hadari na cin jiragensu, dole su nemi wanda za su ɗora wa laifi.

Da zamani ya miƙa sai kamanninsu suka sake. A ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, Abolloniyas ya rubuta labarin Finiyas, wani makahon sarki na ƙasar Tiras, mai duba. Laifinsa shi ne ya tona wa mutane asirin Zus, babban abin bautarsu. Saboda haka aka sakar masa Harfiya. Da an ajiye masa akushi sai su faɗo kamar shirwa, su fizge abincin, ɗan abin da ya rage su bar shi da ɗoyin da ba mai iya kusanta. Tsoho ya rame, sai fata da ƙashi. Ana nan sai ga jirgin jarumi Jason ya iso. A cikinsa akwai samari biyu masu fukafukai, Zetes da Kalayis, 'ya'yan Iskar Arewa. Suka zare takubba suka fafare su har tsibiran Istirofades. Nan Iris ta tare su, ta rantse ba za a ƙara damun Finiyas ba, suka juyo. Abin mamaki, Bahaushe ma yakan kira bakan gizo masha-ruwa, don in ya fito hadari yakan watse.

Birjil na Rum, wanda ya rasu shekara 19 kafin haihuwar Annabi Isa, shi ya ƙarasa munana su. Ya ce fuskarsu ta 'yan mata, jikinsu na tsuntsu, ga ƙumba zaƙo-zaƙo, kuma kullum a kwarjale suke don yunwa. Babbarsu, Kelayino, har ta yi wa baƙin da suka yanka musu shanu bakin yunwa.

Sunan bai mutu ba. A 1758 masanin halittu Linniyas, mutumin Suwidin, ya laƙaba shi ga wata ƙatuwar gaggafa ta dazuzzukan Amurka ta Kudu, wadda ke fizgar biri daga kan itace.

Ba a taɓa yin tsuntsu mai fuskar mace ba. Amma abin da Yunanawa suka ji tsoro gaskiya ne, wato abinci ya zo har bakin mutum a fizge. Manomin da ya ga jan-baki sun sauka kan dawarsa ana saura kwana kaɗan girbi, ba sai an fassara masa labarin Finiyas ba.