Tarihin Hoton Baƙi da Fari

Wanda duk ya saba shiga gidajen dattawa a Tsafe ko Gusau, ba wuya ya taɓa ganin tsohon hoto rataye a bango, ba ja ba kore, sai baƙi da fari. Riga fara fat, amma ana ganin aikin allurarta. Fuska baƙa, amma ko tsagar gado ba ta ɓace ba. To, ina asalin wannan kyau, kuma yaya za a same shi yau?

A shekarar 1839 aka bayyana hikimar ɗaukar hoto a ƙasar Faransa, ta hannun wani mutum wai shi Daguerre. A 1888 George Eastman na Amurka ya fito da akwatin Kodak mai aiki da fim. Mu kuwa, bayan da hanyar jirgin ƙasa daga Zariya ta ratsa Tsafe ta kai Gusau, sai kayan Turai suka yawaita, sannu a hankali har masu hoto suka kafa sana'a.

Shi fim, wani sinadari na azurfa ake shafa masa. Inda haske ya taɓa, nan ke yin baƙi in an wanke, shi ne ake kira dodon hoto. Halinsa kuwa, ba ya ƙoshi da haske farat ɗaya, sai kaɗan kaɗan. Don haka ko da tsakar rana aka ɗauki mai rawani, naɗin rawaninsa yakan fito.

A 1975 wani injiniyan Kodak, Steven Sasson, ya ƙera kyamara marar fim, wadda ke ƙidaya haske da lambobi. Irinta ce ke cikin wayoyinmu yanzu. Amma ita kamar mudu take: in ya cika, abin da aka ƙara zubewa yake yi. Shi ya sa farar riga kan fito kamar takardar da ba a rubuta kome ba.

Maganin wannan shi ne ɗanyen hoto, watau abin da kyamara ta gani tun ba ta sarrafa shi ba. Hoton da ta riga ta sarrafa, hawa 256 ke gare shi daga baƙi zuwa fari. Ɗanyen kuwa yakan kai 4,096, wani ma 16,384. Mai hoto sai ya rage haske wajen ɗauka don kada rigar ta ƙone. Sa'an nan a kwamfuta ya ɗaga hasken fuska, ya sassauta farin, ya dushe shuɗi har sararin sama bisa Dutsen Kwatarkwashi ya yi duhu, kamar yadda mutanen da ke yi da jan gilashi. Daga ƙarshe ya yayyafa ɗan ɓarɓashi irin na azurfa, amma kada ya cika, gishiri in ya yi yawa ɓata miya yake yi.

Abu guda za a kiyaye. Kada garin gyara a wanke fuskar mutum ta yi fari, har jikansa ya duba ya kasa gane shi. Don jikan aka ɗauki hoton.