Kula da birkin tsohuwar mota mai shiga daji

Tsofaffin motoci irin su Land Cruiser da Hilux, masu ratsa hanyoyin ƙauyukan Jega da Aliero da Maiyama a Jihar Kebbi, galibinsu na da birkin faifai a gaba da na ganga a baya. Ruwa da laka ne manyan abokan gābar wannan birki.

Man birki nau'in DOT 3 da DOT 4 yana zuƙar danshi. Idan ya ɗauki zafi sai ya tafasa, a taka birki a ji shi da laushi. Shi ya sa ake sauya man duk bayan shekara 2, a kuma fitar da iskar da ta shiga bututu.

Yashi da laka kan maƙale cikin gangar baya su cinye takalmin birki, don haka ya kamata bakanike ya buɗe ta ya wanke bayan damina. Na gaba kuwa, idan kaurinsa ya ragu zuwa milimita 3, lokacin sauyi ya yi.

Bayan ƙetare ruwa a fadama, direba ya riƙa taka birki sannu a hankali yana tafe har ya bushe. Motar da ta ɗauko buhunan albasar Aliero na buƙatar doguwar tazara kafin ta tsaya, saboda haka a gwada birki tun kafin a hau babban titi.